Bukukuwan Ƙarshen Hunturu a Makarantun Ingila



An nemi in ɗan yi bayani a kan aikin koyarwa da nake yi a Landan, sai na zaɓi in yi magana a kan hunturu. Hunturun can ba irin namu ba ne na ƙura da kaushi. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, kuma hasken yini ba ya cika awa takwas. Yaro ya fito gida da duhu-duhu, ya koma da almuru. Kafin Fabrairu sai ka ga aji ya yi sanyi, ga kasala, ga yawan fashi. Likitoci ma sun san wata damuwa da ƙarancin hasken rana ke haddasawa, wadda Dokta Norman Rosenthal da abokan aikinsa suka bayyana a 1984.

To, yaya malami zai yi? Dabarar da muka samu tana hannun yaran da kansu, domin al'ummomi da yawa suna da bikin sallamar sanyi. 'Yan Sin suna bikin sabuwar shekararsu tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, da jajayen fitilu. 'Yan Romaniya suna ba juna zare ja da fari ranar 1 ga Maris. Mabiya addinin Hindu suna da Holi, inda ake watsa wa juna garin launi. Mutanen Iran, Afghanistan da Kurdawa suna da Nauruz, wajen 21 ga Maris, lokacin da dare da rana suke daidaita. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa rana a 2010. Mabiya addinin Sikh kuma suna da Baisaki a tsakiyar Afrilu.

Sai muka ba kowane biki mako guda. Yaran da abin ya shafa su ne malamai, iyayensu kuma su kawo abinci da tufafi. Akwai wata yarinya 'yar gudun hijira da ta yi wata uku ba ta buɗe baki a aji ba. Ranar Nauruz ta kawo alkamar da ta tsirar a faranti, ta tsaya gaban kowa ta yi bayani tiryan-tiryan.

Wasu iyaye sun nuna damuwa, kada a sa 'ya'yansu ibadar da ba tasu ba. Damuwarsu tana kan hanya, saboda haka muka kafa ƙa'ida: ana koyo ne, ba a bauta, kuma ba a tilasta wa kowa.

'Yan uwa, mun zauna aji ɗaya da yara na ƙabilu daban-daban, amma mu nawa ne muka taɓa tambayar makwabcinmu na benci yadda ake biki a garinsu? Ina roƙon ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin ranar al'adu ga ƙannenmu kowace shekara.