Wa Ke da Ikon Rufe Tagar Kantin Giya? Abin da Matan Fitzroy Crossing Suka Yi

  Lokaci kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Hukuncin giya a addini duk mun san shi, kuma ba fatawa ta kawo ni ba. Haka illarta ga hanta da ƙwaƙwalwa da zaman aure, babu wanda ke wannan zaure da ke buƙatar in karanta masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 2.6 barasa ta yi sanadin mutuwarsu a 2019. Mu bar shi a nan. Abin da ya kawo ni shi ne saɓanin da na daɗe ina yi da abokan aikina na fannin lafiyar al'umma da kuma jami'an ma'aikatu. Su a wurinsu maganin shaye-shaye biyu ne: ko dai wayar da kai, wato fosta da riga da hula da bita a otal, ko kuma doka daga babban birni wadda za a aiko da motar jami'ai su tabbatar da ita. Ni kuwa ina cewa abin da ke rage ɓarna shi ne a taƙaita sayarwa a inda ake sayarwa, kuma mutanen garin su ne za su nemi hakan da bakinsu, hukuma ta sa hannu, sannan a ƙirga sakamako. Hujjata wani ƙaramin gari ne a Ostireliya.

Fitzroy Crossing yana yankin Kimberley, a arewacin jihar Yammacin Ostireliya, kimanin kilomita 400 gabas da Broome. Garin da ƙauyukan da ke kwarin kogin Fitzroy ba su wuce mutum 4,500 ba, mafi yawansu 'yan asalin ƙasar, masu harsunan Bunuba, Gooniyandi, Walmajarri, Wangkatjungka da Nyikina. Iyayensu ma'aikata ne a manyan garaken shanu na Turawa. Da aka tilasta biyansu albashi daidai da na farar fata a 1968, masu garake suka sallame su, suka tare a gefen gari, babu aiki, babu ƙasar kakanni. Ba a daɗe ba aka ɗage dokar da ta hana su sayen giya. Ka ga yadda abin ya faro.

Zuwa 2006 garin ya koma gidan makoki. Kimanin jana'iza 50 aka yi a shekara guda, kuma mutum 13 suka kashe kansu cikin wata 13. A gari mai wannan girman babu gidan da bai zauna zaman makoki ba. A watan Yulin 2007 matan kwarin suka yi taronsu na shekara a daji, nesa da gari, a ƙarƙashin cibiyar mata ta Marninwarntikura, wadda June Oscar da Emily Carter ke jagoranta a lokacin. Daga wannan taro suka rubuta wa daraktan ba da lasisin giya na jihar.

Ina so ku lura da abin da suka nema, domin a nan hikimar take. Ba su ce a rufe mashaya ba. Ba su ce a kama mashayi ba. Cewa suka yi a hana sayar da giya mai ƙarfi wadda ake saye a tafi da ita gida. Sun san garinsu: ba a kan teburin mashaya ake kisa da duka ba, a gida ake yi, da dare, bayan an kwaso katan-katan ranar da kuɗin tallafi ya shigo. A watan Oktoban 2007 daraktan ya amince: duk abin da ƙarfin barasarsa ya wuce kashi 2.7 cikin 100 ba za a sayar a fita da shi ba, na tsawon wata 6. Giyar da aka saba sha tana kusan kashi 5. A 2008 aka mayar da dokar ta dindindin, kuma a 2009 garin Halls Creek ya bi sahu.

Kada kowa ya ɗauka an yi musu tafi. An zage su, an yi musu barazana, kuma masu zagin ba baƙi ba ne, dangi ne. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne mashayar garin, Crossing Inn, mallakar wani kamfani ne na 'yan asalin ƙasar su kansu. Wato matan nan aljihun 'yan'uwansu suka taɓa. Abin da ya tsayar da su shi ne dattawan maza na cibiyar al'adu da dokokin gargajiya ta Kimberley sun mara musu baya, kwamishinan 'yan sandan jihar ma haka. Alƙalin binciken musabbabin mutuwa, Alastair Hope, yana zama a lokacin kan mutuwar mutum 22 a yankin, kuma abin da ya fito daga zamansa ya ƙarfafa maganar matan.

Jami'ar Notre Dame ta Ostireliya ce ta auna sakamakon. Bayan shekara guda, masu zuwa sashen gaggawa na asibitin garin saboda barasa sun ragu da kashi 36 cikin 100, kiran 'yan sanda kan rigimar maye ya ragu da kashi 28. Ƙorafin dukan mata a gida kuwa ƙaruwa ya yi a takarda, kuma masu adawa sun yi ta yawo da wannan. Ma'aikatan asibiti da 'yan sanda sun bayyana dalili: matar da a da take cikin maye tare da mijinta, ko ta ɗauki duka a matsayin abin yau da kullum, yanzu idonta biyu, kuma tana kai ƙara. Raunukan da ake kawowa asibiti ma sun rage muni. Ku faɗa mini wace fosta ce ta taɓa kawo irin wannan sauyi cikin wata 12.

Yanzu na zo kan abin da na fi so ku tafi da shi. Da gari ya lafa, matan suka soma ganin abin da hayaniya ta ɓoye musu: yaran da ba sa girma yadda ya kamata, ba sa riƙe karatu, ba sa iya zama wuri ɗaya, a faɗa musu magana yanzu su manta anjima. Kakanni ne suka fara lura, domin su ke riƙon jikoki. Suka yi zargin giyar da iyaye mata suka sha da juna biyu. Wannan magana ce mai ɗaci, domin tana nuna yatsa ga 'ya'yansu mata da ƙannensu, kuma tana iya ba masu raina su makami. Duk da haka su da kansu, ta hannun cibiyar matan da cibiyar lafiya ta Nindilingarri, suka gayyato Jami'ar Sydney da Cibiyar George, suka ce a zo a ƙirga. Farfesa Elizabeth Elliott da Dakta James Fitzpatrick na cikin likitocin yaran da suka amsa kira. Aikin shi ne ake kira Lililwan.

Ga yadda aka yi shi. Aka ɗauki dukkan yaran kwarin da aka haifa a 2002 da 2003, masu shekara 7 zuwa 9 a lokacin. Yara 134 ne suka cancanta, kuma iyaye ko masu riƙon 127 daga cikinsu suka yarda a yi musu tambayoyi. Kashi 95 cikin 100 ke nan. Duk wanda ya taɓa shiga ƙauye da takardar tambayoyi ya san ma'anar wannan adadi. Tambayar fa ita ce: kin sha giya da cikin yaron nan? Nawa? Sau nawa? Uwa ba ta amsa wa baƙo wannan. Sun amsa ne domin 'yar garinsu ce ke zaune kusa da likitan, tana magana da harshensu, kuma domin sun san shugabanninsu mata ne suka nemi aikin. Fiye da rabin iyayen, kashi 55 cikin 100, aka samu sun sha barasa a lokacin goyon cikin.

Sannan aka duba yara 108 ɗaya bayan ɗaya: likitan yara, masanin halayyar ɗan Adam, mai duba magana, mai duba motsin jiki, da gwajin ji da gani. Yara 13 aka samu da nau'in lahanin mafi tsanani, wanda ke bayyana har a kamannin fuska, wato 120 cikin kowane 1,000. Da aka haɗa dukkan nau'o'in lahanin da barasa ke yi wa ɗan tayi, yara 21 ne, wato 194 cikin 1,000, kusan ɗaya cikin biyar. Wannan yana cikin mafi yawan da aka taɓa aunawa a duniya. Ku tuna waɗannan yara an haife su shekara 4 zuwa 5 kafin dokar, saboda haka alƙaluman suna nuna mana abin da buɗaɗɗiyar tagar kanti ta haifar. Lahanin ba ya warkewa. Yaron zai shiga aji da shi, ya shiga samartaka da shi, sau da yawa ya shiga hannun 'yan sanda da shi, ana ce masa mai taurin kai alhali ƙwaƙwalwarsa ce aka taɓa tun yana ciki. Kuma kowane yaro da aka duba an ba iyayensa da makarantarsa bayanin abin da yake buƙata. Ba a kwashe bayanai an gudu ba, kamar yadda mu masu bincike muka saba. Babu wata ma'aikata a Perth, babban birnin jihar, ko Canberra, babban birnin ƙasar, da za ta iya samo waɗannan alƙaluma da ikon ofis. Yarda ce ta samo su.

A shekarar da matan nan suka yi taronsu, gwamnatin tarayya ta John Howard ta shiga ƙauyuka 73 na Yankin Arewa da nata tsarin: haramcin giya gaba ɗaya, sojoji, alluna a bakin gari, har da dakatar da dokar hana wariyar launin fata. Ba a tambayi kowa ba. Da wa'adin dokokin ya ƙare a Yulin 2022, rikici ya ɓarke a garin Alice Springs na yankin, dole aka dawo da haramcin a farkon 2023. Masu son doka daga sama suna cewa wannan hujjarsu ce. Ni abin da na gani shi ne shekara 15 an hana, amma ba a gina komai a ƙasa ba. Dokar ta zama kamar rumfar da aka kafa babu dirka, ranar da mai riƙe da ita ya saki hannu sai ta zube. Ta Fitzroy Crossing tana da masu ita a cikin gari.

Ana cewa mashaya sun riƙa tuƙi zuwa Derby da Broome su sayo, kuma 'yan sayarwa a ɓoye sun samu kasuwa. Gaskiya ne. Amma wanda sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ba zai sha kullum kamar wanda kanti ke bayan gidansa ba, kuma maganin wannan shi ne a faɗaɗa dokar zuwa maƙwabta. Ana kuma maganar 'yancin mai saye. Yaran nan 21 ba a nemi ra'ayinsu ba. Masu cewa a fara magance talauci tukuna, ina tare da su kan talauci, amma matan ba su da shekara 30 na jira.

A nan gida Najeriya mun san namu. An yi yarjejeniya a 2018 cewa za a daina sayar da barasar leda da ta ƙananan kwalabe zuwa ƙarshen Janairun 2024. Kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikata suka yi bore, aka ɗaga wa'adin. Muryar da ba a ji ba a wannan ja-in-ja ita ce ta matan garuruwan da ledar ke yawo a tashar mota da bakin makaranta. Muna kuma ganin ana murƙushe kwalabe a bainar jama'a, amma ban ga an biyo baya da alƙaluman asibiti ba.

Shawarwarina ba sababbi ba ne ga waɗanda suka san ni. A ba ƙungiyoyin mata da masu unguwanni da limamai da fastoci damar tsayawa a gaban duk hukumar da ke ba da izinin sayar da barasa, kuma doka ta wajabta a amsa musu a rubuce cikin ƙayyadadden lokaci. A rage kuɗin bita da fosta, a ba cibiyoyin mata na ƙananan garuruwa kuɗin aiki na shekaru, ba na wata uku ba. Duk matakin da za a ɗauka, a ɗauki alƙaluman asibiti da na ofishin 'yan sanda kafin a fara, a sake ɗauka bayan wata 6 da wata 12, a karanta wa mutanen garin a dandali da harshensu. Jami'o'inmu kuma su daina shiga gari sai an gayyace su, in sun shiga su bar wa kowace uwa sakamakon ɗanta. Sannan, shugaban taro, ina roƙon makarantun horar da ungozoma su sa tambayar barasa a katin awon ciki, a koya wa ɗalibai yadda ake yin ta a keɓe, ba tare da kunyata mace ba, tun daga zangon karatu mai zuwa.