Kowane Kunne da Zamaninsa

  

Yau ina so mu yi magana a kan abin da ba ya rabuwa da kasuwa, watau kiɗa da waƙa. Bari in fara da abin da na gani da idona.

Akwai wani tela a layin maɗinka na kasuwarmu, dattijo ne, shekarunsa sun kai sittin. Yana da ɗa saurayi wanda ya ke koyon ɗinki a hannunsa. Uban yana da tsohuwar rediyo mai cin kaset, kullum Mamman Shata ya ke sawa, ko Musa Ɗanƙwairo. Yaron kuwa yana da wayar salula, ya cika ta da waƙoƙin zamani. Ran nan yaro ya saki waƙarsa da ƙarfi, uban ya ce ya kashe. Ya rage, amma bai kashe ba. Uban ya fusata, ya fizge wayar ya buga da ƙasa, ya ce, "Wannan ba waƙa ba ce, hauka ne." Yaro ya tsince guntayen, bai ce uffan ba, ya fita. Yau wata biyu ke nan kekensa yana rufe da tsumma. Suna kwana gida ɗaya, suna cin tuwo ɗaya, amma in ban da gaisuwar safe ba abin da ke haɗa su.

To, jama'a, me ya sa waƙar da ke faranta ran ɗa ta ke ɓata ran ubansa? Ku bi ni mu duba hanyar da kunne ya ke bi tun daga goyo har zuwa sanda.

Kunne ya kan fara aiki tun ba a haifi mutum ba. In ciki ya kai wajen wata shida, ɗan da ke ciki ya fara jin sauti, yana jin muryar uwarsa da bugun zuciyarta. Sa'ad da ya zo duniya aka goya shi, sai ya ji waƙar rarrashi, ya ji lugude a turmi, yana jijjiga a bayan uwa. A nan ba shi da zaɓi. Abin da gidansu ya ba shi, shi ya ke karɓa.

Da ya yi wayo sai ya fita dandali. 'Yan mata suna gaɗa da farin wata, suna tafi, ɗaya tana faɗawa hannun sauran suna tare ta. Yara maza suna yawon tashe gida gida in azumi ya yi kwana goma. Waƙar yara gajera ce, a kan yi ta maimaitawa, tana tafiya da tafi da tsalle. Yaro ba ya cewa wannan tawa ce, waccan taka ce. Ta unguwa ce duka, kowa ya iya ta.

Sai samartaka ta zo, sai abu ya sake. Saurayi yana neman abin da zai nuna shi ba yaro ba ne kuma, ba kuwa tsoho ba ne. Waƙa ta zama masa kamar riga, yana sa ta domin a san ko shi wane ne da kuma su wa ya ke tafiya da su. Yana son kiɗa mai ƙarfi, mai sauri, mai zancen soyayya. In iyaye sun ce ba su so, sai daɗin ya ƙaru.

Kowane zamani da irin rigarsa. Kakanninmu sun yi rawar kalangu a dandali ran kasuwa da yamma. Waɗanda suka biyo su sun cika gidajen silima domin waƙoƙin Indiya, suna rerawa ba su san ma'anar ko kalma ɗaya ba. A 1990 aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano, daga nan finafinan Hausa suka yawaita, waƙoƙin nanaye suka shiga kowane gida. Wajen ƙarshen shekarun 1990 samarin Yamai suka kama waƙar zuba zance da sauri a kan kiɗa, irin ta su Kaidan Gaskiya. A 2020 kuwa, ina kasuwar da ba a ji Jaruma ta Hamisu Breaker ba? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, da ya fito, sai da dattawan lokacin suka girgiza kai suka ce duniya ta lalace.

Abin mamaki kuwa, waƙar da mutum ya so a wannan lokaci ita ce ke binsa har kabari. Masana sun bincika wannan. A 1989 waɗansu masana biyu a Amurka suka sa wa mutane, manya da yara, waƙoƙin shekaru dabam dabam, suka ce kowa ya faɗi yadda ya ji daɗinsu. Suka tarar mutum ya fi son waɗanda suka fito yana wajen shekara 24. A 2018 wani kuma ya duba lissafin masu sauraro a Spotify, ya ga namiji ya fi riƙe waƙar da ta fito yana shekara 14, mace kuwa tana 13. Lissafin biyu ba su zo daidai ba, amma duka biyu a cikin ƙuruciya suka faɗa.

Dalilin ba wuya. Ku tambayi marini. Farin ƙyalle sabo, tsomin farko shi ke kama shi sosai, duk wanda za a yi daga baya ƙari ne kawai. Haka zuciyar saurayi da budurwa ta ke. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna ba sai wajen shekara 25, kuma a wannan tsakani ne ya ke yin abubuwa na farko: zancen farko, kuɗin farko na gumin kansa, tafiyar farko nesa da gida, baƙin cikin farko. Waƙar da ke tashi a lokacin sai ta manne da su. Bayan shekara arba'in, in dattijo ya ji ta, sai ranakun nan su dawo masa har da ƙanshin turaren da a ke yayi a lokacin.

Sa'an nan mutum ya yi aure, ya zama magidanci. Ga kuɗin haya, ga hatsi, ga yaro ba lafiya. Ba sauran sukunin bin sababbin waƙoƙi. Kunne ya bar bin ganga ya koma bin magana. Wanda dā ya ke cewa Shata na tsofaffi ne, yanzu sai ka gan shi ya yi tagumi yana sauraro, yana gyaɗa kai. Shata ya rasu tun 1999, Ɗanƙwairo tun 1991, amma har yau suna samun sababbin masu ji, gama kowace shekara waɗansu samari su kan zama magidanta. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa talaka, ya yi a kan zaman aure. Yaro ya kan ji ya yi dariya, magidanci kuwa ya ji ya ce, "Da ni a ke." Haka mata da Barmani Choge, mai kiɗan ƙwarya ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Matar da ke tuya tun asuba ta fi budurwa gane abin da ta ke nufi sa'ad da ta ke zuga mata su riƙe sana'a.

A 2013 masanan Jami'ar Kambirij ta Ingila suka fitar da abin da suka samu daga mutum fiye da 250,000. Ba mutanen kasuwarmu aka tambaya ba, amma abin da suka gani kamar a layinmu aka gan shi: matasa suna son kiɗa mai zafi, masu neman aure suna son na rawa da na soyayya, in shekaru sun ja kuwa sai a koma ga mai natsuwa da na gargajiya.

Ni mai wannan magana ban kai arba'in ba tukuna. Amma kwanan baya ina kan kabu-kabu, yaron da ya ɗauko ni ya saki wata sabuwar waƙa, sai na ji bakina ya ce, "Waƙar yanzu ba ma'ana." Na yi shiru, gama na gane muryar. Muryar babana ce, haka ya ce mini ran da ya kama ni da kaset ɗin waƙar fim a aljihu.

Daga nan sai tsufa. Ku lura da wannan da kyau, samari. A can cikin kunne akwai waɗansu ƙananan gasu masu kama sauti. Kunnen yaro yana iya kama siririn sauti mai kaɗawa har sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Da shekaru suna tafiya gasun nan suna mutuwa kaɗan kaɗan, masu kama siririn sauti su ke fara tafiya, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Saboda haka in kiɗa ya yi yawa, mawaƙi kuma yana sauri, kalmomin su kan cakuɗe wa tsoho. Sa'ad da baba ya ce ba ya jin abin da su ke faɗa, gaskiya ya faɗa.

Tsoho ya fi son waƙa mai tafiya sannu, wadda ya sani, wadda ke tuna masa da inda za shi. Za ka ga wannan yana sauraron Imfiraji ta Aliyu Namangi, waccan kuma tana rera waƙar sujada da ta koya tun tana yarinya, tana tsinkar zogale. Akwai wata tsohuwa a maƙwabtanmu, ruɗewar tsufa ta kama ta har ba ta gane 'ya'yan cikinta. Ran nan jikokinta suna gaɗa a tsakar gida suka ɓata wani baiti. Daga ɗaki sai aka ji muryarta ta gyara musu, ta kuwa kai waƙar har ƙarshe. Babbar 'yarta ta zauna a bakin ƙofa tana kuka. Likitoci sun san wannan, sau da yawa cutar mantuwa ta kan kwashe sunaye da fuskoki ta bar waƙar ƙuruciya sai can baya.

Mu koma ga telanmu. Mahaifiyarsa tana da rai. Na je gaishe ta, zance ya kawo zance, ta yi dariya ta ce, "Ɗana, wannan da ka ke gani, sau nawa ya haura katanga ya tafi kallon Indiya? Ubansa ya karya masa sanda biyu a baya. Har yau in yana ɗinki shi kaɗai, kasa kunne ka ji abin da ya ke rerawa a hanci." Na kasa kunne kuwa, na ji. Waƙar Indiya ce.

To, iyayena dattawa, ga roƙona. In kun ji batsa ko zagi a waƙar yaro, ku hana, wannan hakkinku ne, ku kuma faɗa masa dalili. Amma ku tuna a cikin na dā ma akwai zambo da batsa, waɗanda suka fi kyau ne suka daɗe har suka iso mu. In kuwa baƙuntar kiɗan ce kaɗai ta dame ku, ku ce wa yaro ya zauna ya faɗa muku abin da mawaƙin ya ke cewa. Wataƙila a nan za ku ji damuwar da ya kasa gaya muku da bakinsa.

Ku kuma ƙannena samari da 'yan mata, ku rage ƙara. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalata jinsu saboda ƙarar kiɗa. In ka toshe kunne da abin sauraro har na kusa da kai yana jin waƙarka, ta yi yawa. Kada kuma ka saki waƙa a rumfar babanka ba da izninsa ba. Wayar da ke hannunka tana ɗaukar murya. Je wurin kakarka yau da dare, ka ce ta rera maka waƙar da aka kai ta ɗakin miji da ita, ka ɗauka ka ajiye. Yawancin waɗannan ba su cikin kaset ko faifai, a bakinta kaɗai su ke.

Baba tela, na san rediyonka ba ya mutuwa, wataƙila kana ji na yanzu. Ban ambaci sunanka ba, ba kuwa zan ambata ba. Salla ta matso, ɗinki ya yi maka yawa, ga keke a rufe. Kai ma an karya maka sanda a kan waƙa, ka san zafinta. Kira yaron nan. Kai kuma ƙanena, in ya kira ka, ka zo ka durƙusa ka gaishe shi, ka yaye tsumman nan ka zauna.

Jama'a, nan za mu tsaya yau. Allah ya ba da kasuwa, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa.