Saukar Baƙo Da Ba Da Haya: Abin Da Ya Kamata Mace Mai Gida Ta Sani

 Yau wata baiwar Allah ce daga Talata Mafara ta aiko mana da tambaya. Ta ce ta gaji gida a wurin mahaifinta, ɗakuna huɗu ne, ana ta zuwa neman haya, wasu na shekara, wasu na kwana biyu ko uku. Ita kuwa ba ta fita. Shin akwai abin da hukuma ke bukata daga gare ta?

To, 'yar uwa, tambayar nan taki ta mutane da yawa ce. Ƙasar nan tamu ba ta rabuwa da baƙi. Ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ga na kwalejin aikin gona ta Bakura, ga 'yan kasuwa masu zuwa cin kasuwar ranar Talata, ga masu noman rani a yankin Dam ɗin Bakolori. Duk wanda ya zo, sai ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa.

Da farko mu rarrabe. Akwai baƙon da kika saukar don Allah. Wannan karamci ne, addini ya kwaɗaitar da shi, babu ruwan hukuma da kuɗi a ciki. Akwai ɗan haya na wata ko na shekara. Sannan akwai mai biyan kuɗin kwana, yau wannan gobe wancan. Na ukun nan shi ne mai sarƙaƙiya, domin da zarar gida ya koma haka, ya zama masaukin baƙi, wato sana'a. Tun a shekarar 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa jihohi ne ke da ikon yi wa otal-otal da masaukai rajista da sa musu ido. Saboda haka kafin ki fara, ki tura wakilinki, ko maigida, ko yayanki, ko ɗanki mai hankali, ya je sakatariyar ƙaramar hukuma ya ji sharuɗɗa.

Kada ki ga kamar mu kaɗai aka matsa wa. Waɗanda Allah ya nufa suka sauke farali sun san cewa a Makka ba kowane gida ake saukar alhazai ba, sai wanda hukuma ta duba ta ba shi izini. A birnin Benis na ƙasar Italiya kuwa, a 2024 aka fara karɓar Yuro 5 daga masu shiga yawon buɗe ido na yini guda a wasu ranaku, saboda cunkoso. A nan gida ma, jihar Legas ta yi doka a 2009 ta karɓar kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin kwanan otal.

Sai batun haraji. Kuɗin haya kuɗin shiga ne, doka na lissafa shi. Amma ki kwantar da hankalinki: a sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Abin da ya haura nan ne ake biya a kai, a hukumar tara haraji ta jiha. Dokar ta kuma ba ɗan haya rangwamen kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa, iyaka naira 500,000. Ke nan in ma'aikaci ya ce ki ba shi rasit, ba raini ba ne, hakkinsa ne. Ke ma duk wanda ya yi sallama a zaure da sunan hukuma, kada a ba shi ko sisi sai da rasit mai hatimi.

Yanzu ga abin da ya fi kuɗin muhimmanci. Kun san halin tsaron da muke ciki a Zamfara. Wanda ba ki san asalinsa ba, in ya yi ɓarna, ƙofar mai gida ake fara bugawa, ba a tambayar ko tana kulle. Don haka kafin a miƙa makulli, a kai shi wurin mai unguwa a gabatar da shi. A ga katinsa na ɗan ƙasa, a rubuta suna da lamba da garinsu da sana'arsa. A samu wanda aka sani a gari ya tsaya masa. In ɗalibi ne, a ga katin makaranta. Rigakafi ya fi magani.

Sannan a rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu: nawa ne, zuwa yaushe, wa zai gyara rufi in damina ta yi ɓarna. A sa sunanki ke mai gida, domin dukiyar mace tata ce a Musulunci; wakili wakili ne kawai. Ki ajiye takardar a adakarki, ki samu ɗan littafi yarinyarki ta riƙa rubuta abin da ya shigo. In gidan da kike ciki ne, ɗakin haya ya zama ƙofarsa da bayan gidansa na waje, don kare mutuncinki da na 'ya'yanki mata.

Kada kuma a manta hakkin Allah. Gidan haya kansa ba a fitar masa da zakka, amma kuɗin da aka tara, in sun kai nisabi shekara ta zagayo, sai a fitar.

Nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya haɗa mu da baƙin alheri, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. A huta lafiya.