Filayen Shan Iska Na Ibadan: Ina Rabon Mutanen Ojoo?

Jawabi ga 'yan Arewa mazauna Ojoo, Shasha da Sabo



Batun da ya tara jama'a yau ya shafi lambuna da gandun daji da filayen shan iska na birnin Ibadan, wanda iyaye suka saba kira Badun, da kuma yadda hukuma ke tsara makomarsu. Mai yiwuwa wani ya ce wannan zancen masu hali ne, ina ruwan mai sayar da albasa da wurin shaƙatawa? To, a yi haƙuri a saurara, domin maganar ta fi kusa da shagonsa fiye da yadda ya zata.

A fara da lambun Agodi, wanda ba shi da nisa da tsohuwar unguwar Sabo. An buɗe shi a 1967, yana da faɗin eka 150, da itatuwa da namun daji. Ran 31 ga Agusta, 1980, kogin Ogunpa ya yi ambaliya, ya ci gidaje da rayuka masu yawa, ya kuma lalata lambun. Daga nan wurin ya zauna a yashe fiye da shekara 30, sai a 2012 Gwamnatin Jihar Oyo ta soma gyaransa, aka sāke buɗe shi a 2014. Watau yaron da aka haifa a Sabo shekarar ambaliyar ya girma, ya yi aure, ya haihu, bai taɓa ganin lambun cikin kamanninsa ba.

Ruwan bai tsaya nan ba. Ran 26 ga Agusta, 2011, aka sāke yin wata ambaliya wadda ta halaka fiye da mutum 100, ta karya gadoji, ta yi wa madatsar Eleyele rauni, madatsar da aka gina tun 1942 a kan kogin Ona don shayar da gari. Dalilin bai ɓuya ba. Ƙasa mai ciyawa da itatuwa takan sha ruwan sama, ta sake shi sannu a hankali. In aka sare itatuwan, aka malale ƙasa da siminti, aka cika magudana da shara, ruwan ba shi da wurin zuwa sai ɗakunan mutane. Saboda haka fili marar gini a bakin rafi ba asara ba ne, shi ne hanyar da aka bar wa ruwa. Mutanen Kano sun san wannan, tun da suka ga abin da cike kududdufai ya jawo wa unguwanninsu da damina.

Bayan wannan masifa ne Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 a 2014 don maganin ambaliya a Ibadan. A ƙarƙashin aikin aka zana babban tsarin gari wanda ya hango har shekarar 2036, tare da tsarin magudanan ruwa da na kwashe shara. Tambayar da ta kamaci kowane shugaban unguwa ita ce: wa ya taɓa ganin taswirar nan da idonsa? Wa ya san launin da aka shafa wa filin da rumfarsa take kai?

Nan ne maganar Ojoo ta shigo. Ojoo ƙofar Arewa ce ta birnin, cikin Ƙaramar Hukumar Akinyele, kuma garin yana miƙewa ne ta wannan fuska. Tun da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Ikko a 2021, da tasharta a Moniya, ga kuma hanyar zobe da aka tsara za ta kewaye birnin, filin da jiya ba mai kallonsa yau ya zama abin rububi. Abin mamaki, Ojoo na zaune tsakanin manyan wurare biyu masu inuwa. Daga kudu akwai Jami'ar Ibadan da gidan namun dajinta da lambun itatuwanta. Daga arewa akwai cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda aka kafa a 1967 a kan hekta 1,000, ta kuma keɓe wani babban yanki ta bar shi kurmi. Amma duka biyun a cikin shinge suke, don aikinsu aka yi su. Yaron Ojoo kuwa, a gefen titi yake buga ƙwallo, tsakanin tirela da tirela.

Ba a ce wa kowa lambun hukuma ba ya taɓuwa ba. A ƙarshen 2023 an yi ta muhawara da zanga-zanga game da shirin gina rukunin gidaje a gandun dajin da ke maƙwabtaka da lambun Agodi. Gwamnati ta ce ba lambun za a taɓa ba, kuma dajin ya zama maɓoyar miyagu. Masu ƙin shirin suka ce itatuwan nan su ne garkuwar Ogunpa. Kowane ɓangare mutum ya bi, akwai abin lura: waɗanda suka yi magana an ji su, domin sun zo da hujja a rubuce. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun Gwamna bisa amanar jama'a, kuma amana takan bi bakin da ya tambaye ta.

Wani zai ce baƙo ba ya sa baki a rabon gandu. Wannan tunani shi ya fi cutar da 'yan Arewa. An kafa Sabo tun 1916. Akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibi. Mai biyan haraji da kuɗin rumfa, mai kaɗa ƙuri'a a Akinyele, yana da haƙƙin a tambaye shi kafin a zana. Sau nawa aka ta da 'yan kasuwa daga wuri zuwa wuri, ba su ji labari ba sai da motar rusau ta iso? Rikicin Shasha na Fabrairu 2021 kuma ya nuna abin da cunkoso da rashin wurin haɗuwa ke iya haifarwa tsakanin maƙwabtan da suka daɗe tare. Dandalin da ɗan Bahaushe da ɗan Bayarabe za su yi wasa tare yana da nasa amfani wajen zaman lafiya.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci. Akwai laifin da ke wuyan mazauna kansu. Wanda ya kafa rumfa a kan magudana, da wanda ke juye ruɓaɓɓen tumatir da ledoji a rafi da dare, ba shi da bakin zargin hukuma. Rafukan Ibadan daga arewa suke gangarawa kudu, saboda haka sharar da aka zubar a wannan yanki a ƙofar wani take tsayawa.

Abin da ya kamata shi ne sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su naɗa ɗan kwamiti, a sa matasa masu ilimin zamani a ciki, har da mata, tun da su ne ke fama da yara a ɗaki ɗaya da zafin bazara. Su je ofishin tsara gari na ƙaramar hukuma a Moniya da ma'aikatar filaye a sakatariyar Agodi, su nemi ganin taswirar Ojoo da Shasha, a fassara ta da Hausa a karanta a masallatai. Su roƙi a keɓe fili, ko ƙarami ne, a yi masa takarda da sunan jama'a, wanda zai zama filin wasa a ranakun mako, masallacin Idi kuma ran Salla. Su tafi tare da maƙwabtansu Yarabawa, domin takardar da ta ɗauki sa hannun Baale da na Sarkin Hausawa ta fi wuyar jefawa a kwandon shara. Itatuwan inuwa kuwa, irin su dalbejiya da mangwaro, ba sai an jira hukuma ba: kowane masallaci da makarantar allo na iya dasa nasu da faɗuwar ruwan farko, a ɗora wa almajirai biyu ban ruwa har su kama.