Agogon 'ya'yanmu masu tafiya makarantar kwana

 

An ce mu 'yan kwamitin sayayya mu yi bayani a kan agogo, to ga shi. Kun san bara muka yanke shawara cewa duk yarinyar da za ta tafi makarantar kwana, ƙungiya za ta saya mata agogon hannu daga ribar adashi, tunda ba a barin su da waya, kuma dole yarinya ta san lokacin asuba da na shiga aji.

Mun yi kuskure, ba za mu ɓoye ba. Muka shiga Kano muka kwaso guda goma sha biyu masu ruwan gwal, ƙyalli kamar na lefe. Ashe kyan ɗan maciji ne. Kafin hutun farko takwas sun tsaya. Ruwan alwala ya shige su, gilashin ya yi gumi daga ciki, ruwan gwal ɗin ya koɗe har ya ɓata wa wata hannu. Kuɗinku ne, na ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, shi ya sa abin ya tsaya mana a rai.

Bana sai muka bar masu shago, muka nufi masu gyaran agogo, waɗanda ke zaune da ɗan akwatin gilashi a bakin kasuwar Sabon Gari. A cikinsu akwai masu haɗa agogo da kansu: inji daga wannan, gida daga wancan, a sa sabon madauri. Wani dattijo ya zaunar da mu, ya buɗe bayan ɗaya daga cikin namu na bara, ya nuna mana tsatsa, ya ce, "Hajiya, ba a sayen agogo da fuska, a buɗe miki cikinsa tukuna." Wallahi kunya ta kama mu.

Shi ya nuna mana Casio F-91W, baƙin nan na roba mai lamba. Tun 1989 ake yin sa. Yana da ƙararrawa da 'yar fitila, kamfanin kuma ya ce batirinsa na kai shekara 7. Yayyafi da alwala ba sa damunsa, amma kada a yi wanki ko wanka da shi. Jabunsa fa ya cika kasuwa. Idan kin danne maɓallin dama na ɗan lokaci, na gaske zai rubuta sunan kamfanin a fuskarsa, sai dai wasu jabun ma sun koyi wannan, don haka a je da wanda ya sani.

'Yan matan sun ɗan tura baki, wai na maza ne. Mun ji. Biyu da suka nace sun samu mai tsinke, haɗin dattijon, da sharaɗin in ya tsaya cikin wata uku mu mayar masa ya gyara kyauta. Mun sa an rubuta a takarda, tana wurin ma'aji.

Mai 'yar da za ta tafi baɗi, ta ba sakatariya suna kafin mu tashi.