Ɗalibanmu na birni: hatsi kaɗai bai isa ba



Kowace Oktoba muna kai ƴaƴanmu kwaleji da lise a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Mu auna wa mai masauki hatsi, mu koma gida. To, wa ke tambayar yaron abin da ke ransa?

Ɗan shekara 14 yana kwana zauren mutane, ya ɗebo ruwa kafin lakwal, wata rana ya shiga aji ba kumallo. Ga jarrabawa tafe, ga gari duka na jiran sakamakonsa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da ciwon damuwa ko makamancinsa.

In yaro ya daina barci, ya ƙi abinci, ya guji abokai, makinsa ya faɗi, mukan ce lalaci ne, mu ɗauko bulala. Nan wasu ke faɗawa shan tramol. Ciwo ne, kuma yana da magani.

Saboda haka muna roƙon kowane ɗan ƙungiya da ke birni ya riƙe ɗalibi guda: ya ziyarce shi ran Juma'a, ya saurare shi ba faɗa, ya gana da malaminsa. Ƴan mata kuwa, iyaye mata su zauna da su. Wanda abin ya yi wa tsanani, ko ya ambaci mutuwa, a kai shi asibiti ran nan, a haɗa da addu'a. Wanda ya faɗi jarrabawa, ɗanmu ne har gobe.

Allah ya raya mana su.