Nazarin Wasanni a Jami'a: Darasi Daga Kudancin Kano



Gabatarwa

A wurin mutane da yawa, kalmar wasa kishiyar aiki ce. Saboda haka in aka ce jami'a ta keɓe malamai da kuɗi domin nazarin wasanni, sai a ɗauka an rasa abin yi ne. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa wasa yana cikin hanyoyin da al'umma take tarbiyyantar da 'ya'yanta, take kuma bayyana abin da take girmamawa. Za a ɗauki misali da ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, watau kudancin Jihar Kano, inda manoma da makiyaya da mafarauta suka daɗe suna zaune tare.

Wasa da Sana'a

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne, kowane wasan gargajiya yana da sana'ar da ta haife shi, da kuma lokacinsa. Kokawa ta manoma ce, da kaka ake yin ta, sa'ad da amfanin gona ya shiga rumbu, ciki ya ƙoshi. Dambe asalinsa na mahauta ne, shi ya sa kalangu, wanda yake kiɗan mahauta, ya zama kiɗansa. Shaɗi na Fulani ne, inda saurayi yake tsayawa a tsula masa bulala a gaban 'yan mata, ya nuna bai ji ba. Farautar gayya kuwa sai da rani, bayan an kawar da aikin gona.

Idan haka ne, duk abin da ya taɓa sana'a ya taɓa wasa. Alal misali, an gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, noman rani ya bunƙasa a filayen Kadawa da kewayensu. Manomin da rani ya zame masa lokacin aiki, yaushe zai sami sukunin bin dandali daga ƙauye zuwa ƙauye? Haka nan Dajin Falgore, wanda ya ratsa ƙasashen Tudun Wada da Doguwa. Da hukuma ta killace shi ta hana farauta a cikinsa, ina jaruntakar mafarautan ta koma, da kirarinsu da kiɗansu? Waɗannan tambayoyi ne na tarihi da tattalin arziki, kuma sai an je an zauna da mutanen wurin za a sami amsarsu.

Wasa da Harshe

Abu na biyu ya shafi harshe da adabi. 'Yan dambe ba su cewa an kā da mutum, sai su ce an kashe shi, ko da kuwa hannunsa kawai ya dafa ƙasa. Zagayen faɗan kuma turmi suke ce masa. Ga take, ga kirari, ga zambo, ga habaici, kowanne da muhallinsa. Waƙoƙin da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi wa Shago suna cikin manyan waƙoƙin maza na Hausa, kuma wanda bai san dokokin dambe ba ba zai fahimci rabin abin da suka ƙunsa ba. Bugu da ƙari, ita kanta kalmar wasa ta fi filin dambe faɗi. Ƙasar Doguwa tana iyaka da Jihar Kaduna, Kanawa da Zagezagi kuwa abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Maganar da za ta jawo faɗa tsakanin wasu, a tsakaninsu dariya take jawowa. Wannan ma wasa ne, aikinsa kuwa kashe gaba.

Wasa da Hukuma

Masu mulki ba su taɓa ɗaukar wasa da wasa ba. Turawan da suka koyar a Kwalejin Katsina sun shigo da kurket da ƙwallon bango, domin su cusa wa ɗalibai ɗa'a irin tasu, har Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya shahara da son ƙwallon bangon. Bayan yaƙin basasa, gwamnatin Nijeriya ta kafa bikin wasanni na ƙasa a Legas a 1973, da nufin haɗa kan matasan jihohi. Jamhuriyar Nijar kuwa ta bi wata hanya dabam. A 1975 ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda ake ba zakaranta takobi, ta mai da wasan manoma abin alfaharin ƙasa baki ɗaya. Kwatanta waɗannan hanyoyi biyu, da abin da kowacce ta haifar, aiki ne da ya cancanci kundin digiri.

Aikin da ke Gaban Jami'a

Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1977, duk sun koyar da ilmin motsa jiki da kiwon lafiya, sun yaye malaman makaranta masu yawa. Amma jiki ɓangare ɗaya ne. Ana bukatar masanin Hausa ya ɗauki take da kirari daga bakin masu su, masanin tarihi ya bi salsalar gidajen kokawa, masanin zamantakewa ya bincika dalilin da ya sa yaro a Riruwai ya san 'yan ƙwallon Ingila ɗaya bayan ɗaya, amma bai san dokokin langa ba.

Akwai masu cewa waɗannan wasanni cike suke da layu da guraye da caca, ga raunin da ake ji. Lalle akwai gaskiya a cikin wannan magana. Sai dai likita yana nazarin cuta ba don yana son ta ba. Bincike ne zai rarrabe abin da ya kamata a raya, kamar juriya da mutunta abokin karawa, da abin da ya kamata a gyara, kamar rashin likita a bakin fili da rashin tanadi ga ɗan wasan da ya naƙasa.

Kammalawa

Tsofaffin 'yan kokawa da makaɗansu ba su bar komai a rubuce ba, kuma kowace shekara adadinsu raguwa yake yi. Ɗalibin da ya fito daga Ƙiru ko Doguwa yana da harshen, ya san gidajen, za a kuma saki jiki da shi. Abin da ya rage shi ne jami'a ta koya masa dabarun bincike, ta ba shi na'urar ɗaukar magana da kuɗin mota, ta tura shi gida da kaka.

Allah ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.